Shuɗi da Ja a Dolac

Zagreb, tsakiyar Fabrairu

Zuwa ga Teta Perina, gwaggona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Draga baki ɗaya. Yaya sanyin tsibiri, yaya ƙafa? Mama ta ce gwiwa ta matsa miki tun bara, Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai tarin da ke zagaya ofis yana bin mu ɗaya bayan ɗaya.

Na san sai kin juya ambulan kin sake duba sunan. Ni ne Borna, jikan Jakov ɗan baffanki. Rabonki da ni tun jana'izarsa, ina ɗan sakandare, kika dube ni sama da ƙasa kika ce na yi tsayi ba dalili. Na so in kira ki, Mama ta ce kada in wahalar da kaina, kunnenki ba ya ɗaukar waya, in an matsa miki ma ajiye kan kike yi.

Taimako nake nema. Kamfaninmu wasan kwamfuta yake yi, irin wanda mutum biyu ke karawa ta intanet, ɗaya yana Osijek ɗaya yana can wata duniya. Kowa ana ba shi 'yan mutane da fili, ya sari itace, ya fasa dutse, ya ɗebi ruwa, ya gina gari, ya tara mayaƙa. Ni ne mai zana ƙasar da za su yi wannan a kanta. Ni ke cewa ga inda daji zai zauna, ga inda ruwa zai fito. In na fifita wani ɓangare, wasa ya lalace, don an san mai ci tun ba a fara ba.

Taswirar da na fara yi na raba komai daidai wa daida, hagu da dama kamar an ninke takarda. Shugabarmu Dubravka ta kalla ta ce, "Borna, wannan ƙasa ce ko daɓen banɗaki? Ba wanda kakansa ya taɓa zama a nan. Je ka nemo min wurin da mutane suka sha wuya."

Sai na tuna Dolac, gonar zaitun ɗin da Kaka Jakov ba ya gajiya da labarinta. Ban taɓa taka ta ba. Don Allah ki kwatanta min ita: ina ruwa yake, ina dutse ya fi yawa, ina itatuwan suka fi 'ya'ya, wane gefe ya fi arziki. Duk abin da kika tuna ina so.

Naki,
Borna

*

Draga, Maris

Borna ɗana,

Wasiƙarka ta same ni lafiya, na gode Allah, na gode maka. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ni ma ina nawa. Iskar arewa mai ƙarfi ta hana jirgin ruwa zuwa kusan mako guda, shi ya sa ka ga jinkiri. Ka gai da uwarka, ka ce mata kunnena yana jin abin da ya ga dama.

Ka faranta min rai fiye da yadda kake zato. Tun da aka binne Jakov ba wani jininsa da ya tuna akwai tsohuwa a nan. Kai ba ka sani ba, amma lokacin da mijina Bepo ya kwanta asibiti a Zagreb, kakanka ne ya yi jinyarsa. Kullum in ya tashi daga masana'anta sai ya biya ya aske shi, ya ba shi miya a baki, ni kuwa ya ba ni gadonsa ya koma kujera. Har Bepo ya cika bai fasa ba ko rana ɗaya. Don haka duk abin da jikan Jakov ya tambaye ni, ba ni da bakin cewa a'a.

Wasan nan naku dai ban gane kansa ba. Ƙato da kai, a ce ana biyanka albashi don ka dasa itacen da ba ya 'ya'ya. Amma ga Dolac.

Kwari ne, yana gangarowa daga tudu zuwa teku. Gefen gabas ƙasa ce ja mai laushi, nan zaitun suka fi yawa, kuma ta nan hanya ke sauka bakin ruwa inda muke kankarar gishiri a ramukan dutse. Gefen yamma dutse ne zalla, kakanninmu sun yi ta tsince shi suna katanga har bayansu ya lanƙwashe, bai ƙare ba. Ruwa kuwa babu, ko ɗigo, sai rijiyar tara ruwan sama da ke ɗan gangaren yamma, ƙarƙashin tsohon zaitun. In rani ya yi rani, duk abin da ya rayu a Dolac daga ita ya sha. Lambuna yana jikinta, da ƙananan dashen da na sa bara.

Kada ka nemi iyaka, ba mu da ita. Da kakanni suka yi rabo, itace suka raba, ba ƙasa ba. Sai ka ga na wannan gida tsakiyar na wancan, kowane gindi da fentin gidansu. Na Jakov ina sabunta musu nasu duk shekara kafin Ista, ina yi musu sassabe, ina tsinkar 'ya'yansu tare da nawa.

Na karanta wa maƙwabcina Krsto wasiƙarka, don idonsa ya fi nawa lalacewa amma gulmarsa lafiya lau. Ya ce, "Perina, haka 'ya'yan ƙanena suka fara, da daɗin bakin kiran baffa. Barba ina ruwa, Barba ina hanya. Yanzu inda inabina yake, Jamusawa ne ke shanya ciki a rana." Na ce masa ya rufe min baki, ba kowane ɗan birni ne ɓarawo ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, maganar ta ɗan tsaya min. Dolac da rijiyar nan su ne abin da ya rage min, su ke tashe ni da safe.

Na sa maka kwalbar mai da busasshen ɓaure a jirgin Juma'a. Ka ci, ka daina tari.

Taka,
Perina

*

Zagreb, farkon Mayu

Teta Perina,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta sassauta yanzu da gari ya ɗumama. Tari ya tafi. Man ya iso, kuma na yi kuskuren kai shi ofis. Dubravka ta dangwala burodi sau ɗaya ta ce daga yau kwalbar ta zama kayan kamfani. Na gode ƙwarai. Labarin Kaka da Barba Bepo kuwa ko Mama ba ta san shi ba, da na karanta mata sai da ta tashi ta shiga kicin.

Kwatancenki ya cece ni. Ga taswirar nan na buga miki a babbar takarda don kada tabarau ya wahala. Za ki gane kwarin, da katangun, da hanyar gishiri. Na raba Dolac gida biyu, layin da kika gani a tsakiya shi ne iyaka. Gabas ja, yamma shuɗi, kuma duk itacen da ya faɗo a ɓangare na ɗiga masa launin wurin.

Ga yadda na yi tunani. Ja ya samu ƙasa mai kyau, da yawan zaitun, da gishiri, da hanyar teku. Shuɗi dutse kawai gare shi, wanda yake da amfani wajen gini amma ba a cinsa. Don kada a cuce shi sai na bar masa rijiya da tsohon itacen. Mai arziki ba shi da ruwa, mai ruwa ba shi da arziki, kowa yana da abin da zai nema a hannun ɗan'uwansa.

Ki ɗauka ni ne shuɗi, ke ce ja. Ki duba da kyau ki gaya min tsakani da Allah ko rabon ya yi adalci. In kin ga an danne ki, ki faɗa, ba a rufe maganar ba tukuna.

Naki,
Borna

*

Draga, ƙarshen Mayu

Borna,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Gwiwa da sauƙi.

Takardarka ta zo. Na shimfiɗa ta a tebur na danne da kofuna, na daɗe a kanta. Hannunka yana da kyau, har karyewar katangar da ke bayan ɓaure ka sa, da alama daga labaran kakanka. Na ga kuma ashe Jakov bai tafi ba sai da ya gaya maka launin gidanku. Shuɗi nasa, ja namu, haka yake tun zamanin iyayenmu.

Ka tambaye ni ko rabon ya yi adalci. In don ƙirga ne, ka ba ni fiye da abin da nake da shi, ba zan ce ka cuce ni ba. Kuma ka kyauta da ka tambaya, wasu sai dai a ga mai awo ya sauka daga jirgi.

Abu ɗaya zan roƙa, in ya yiwu. Rijiyar nan, ba za a bar ta a tsakiya ba, kowa ya sha? Bepo ne ya sake shafe cikinta da hannunsa shekarar da muka yi aure. In bai yiwu ba, shi ke nan, ka faɗa min kai tsaye. Na girmi a lallaɓa ni.

Perina

*

Zagreb, Yuni

Teta,

Gaisuwa a gurguje, a cikin bas nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar hannu. Lafiya lau nake, na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi.

Maganar launi ta ba ni dariya. Kusan kowane wasa shuɗi da ja ne, ashe gidanmu ya riga kowa.

Rijiya kuwa na bi shawararki na mayar da ita tsakiya, masu gwaji suka yi ta bugawa. Ja ke ci kusan kowane karo, don yana da yawan mutanen da zai riga kai wa gare ta, sai ya haɗa ruwa da mai da gishiri, shuɗi ya zauna yana kallon duwatsu. Don haka dole ta zauna a shuɗi. An riga an rufe maganar jiya, ba za a sake taɓawa ba.

Daga yanzu har ƙarshen Agusta aiki ne ka'in da na'in, sannan mu tafi Jamus baje kolin wasanni. In kin ji shiru kada ki damu. Na gode da komai.

Borna

*

Draga, Yuli

Borna ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya ba da sa'ar aiki. Ni lafiya, zafi ne kawai, tun Mayu ba mu ga hadari ba.

Na gode da ka faɗa min kai tsaye. Na yi kwana biyu raina ba daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba, har na ƙi zuwa coci don kada a ga idona. Daga baya na zauna na yi wa kaina faɗa. Shekara da shekaru ina cin man itatuwan Jakov, ba wanda ya taɓa tambayata ko cokali. Yau jikansa ya zo da ladabi ya ce ga yadda yake so, har ya ƙara min a kan nawa. Me zan ce in ba godiya ba?

Don haka na gama aikin. Na sayo fenti, na kira Krsto ya zama shaida kamar yadda ake yi, muka bi takardarka itace bayan itace. Nawa da suka faɗo yamma na shafe jansu na sa musu shuɗi. Naka da suka faɗo gabas ban taɓa su ba, wannan sai kai. Krsto yana riƙe da gwangwani yana mita.

"Perina, kin haukace. Yaro ya aiko zane, ke kin ɗauki buroshi. Ki bari ya zo mana."

Na ce, "Ya ce an rufe magana. So kake ya turo lauya ya koya min abin da uwata ta koya min?"

"To ko tsohon itacen ki bari."

"Yana cikin takarda, Krsto. Miƙo gwangwanin."

Shi na bari ƙarshe, shi da murfin rijiya. Layin bai miƙe ba, in ka zo ka gyara.

Yanzu ga roƙona. Rijiya ta zama taka, ni kuwa ban taɓa ɗiban ruwan wani ba da izininsa ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Lambun da ƙananan dashen suna buƙata. Ka ba ni izini in riƙa ɗiba zuwa saukar ruwan sama, layi ɗaya ya isa. Kafin amsarka ta zo zan riƙa kawo musu daga gida a jarka.

Kuma in wata rana ka yi niyyar sayarwa, ka gaya min kafin in ji a bakin Krsto.

Taka,
Perina

*

Draga, ƙarshen Agusta

Borna,

Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Ka ce kada in damu, amma tsohuwa ba ta da wani aiki. Kana cin abinci kuwa? Ni gwiwa ta ce ta gaji da jarka, hawan ya fi ƙarfinta.

Ba don in ɗora maka nauyi ba, don dai ka san halin da ake ciki. Tumatir da kabeji sun tafi, wannan ba komai, ana sayarwa a kanti. Dashen ne suka ba ni tausayi. Na yi ta raba musu abin da na iya ɗaukowa, kofi kofi, amma yawancinsu sun bushe. Manyan itatuwa ba abin da ya same su, sun ga ranin da ya fi wannan.

Krsto kullum sai ya ce, "Ɗebi mana, wa zai gan ki?" Na ce ni zan ga kaina. Ya ce taurin kaina ya fi dutsen yamma. Shi da kansa ya kawo min jarka biyu a kan jakinsa yana zagina, Allah ya saka masa.

Ruwanka yana nan cike har wuya, na leƙa ban taɓa ba. Na gyara murfin don kada ƙura ta shiga.

Perina

*

Zagreb, farkon Satumba

Teta Perina,

Ban san ta inda zan fara gaishe ki ba. Jikina lafiya, amma tun jiya abinci ya ƙi shiga. Tun Yuli aiki ya hana ni buɗe akwatin wasiƙu, sai da na dawo daga Jamus na tarar da wasiƙunki biyu a ciki, ta Yuli da ta Agusta, ɗaya kan ɗaya. A tsaye na karanta su a bakin matakala.

Teta, ki ɗebi ruwa. Yau, yanzu, kafin ki gama karanta wannan. Rijiyarki ce, ba ta taɓa zama tawa ba. Na kira wayar Barba Krsto na gaya masa, na san ya riga ya iso gare ki, amma ina so ki gani da rubutuna.

Taswirar nan ta wasa ce kawai. Ba rabon gado ba ce, ba ta zuwa kotu, ba ta zuwa wurin mai awo. Dolac ɗin da ke cikinta yana cikin kwamfuta, mutanen da za su yi faɗa a kansa ba su san akwai Draga a duniya ba. Da na ce ni shuɗi ke ja, nufina ki sa kanki a matsayin ɗan wasa. Ban san itatuwa suna da launi na gaske ba. Kin faɗa min ƙarara, na karanta a bas na yi dariya na wuce. Na koma na sake karanta wasiƙarki ta Mayu, kowane layi yana gaya min abin da kike nufi, ni kuwa hankalina yana kan masu gwaji.

Ban taɓa tunanin ina da ko reshe a tsibirin ba, balle in sayar. Kin kwatanta min gonarki don alheri, na saka miki da ɗaukar jarka a tsakiyar rani. Ina jin kunya ƙwarai. Don Allah ki yafe min, ki mayar da janki a kan itatuwanki. Dashen da suka bushe zan kawo wasu.

Naki,
Borna

*

Draga, tsakiyar Satumba

Borna ɗana,

Lafiya lau nake, ka ci abinci. Ba a taɓa gyara komai da yunwa ba a gidanmu.

Krsto ya zo da gudu, rabon da in ga ya yi gudu tun yana saurayi. Ya tsaya a ƙofa yana haki ya ce, "Wasa ne, Perina. Yaron ya ce wasa ne." Na ce na ji, ai tun farko ya faɗa. Ya ce, "A'a, wasa na gaske, irin na danna maɓalli." Na zauna a kan dakali. Na fara dariya, sai ta juye min kuka, sai ta sake komawa dariya. Daga nan na ɗauki guga na tafi Dolac, ban ko sa takalmin kirki ba.

Kada ka kwashe laifin duka, bar min rabona. Ka ce wasa tun a wasiƙar farko, ni ce na ɗauka irin ladabin 'yan birni ne, a naɗe magana mai ɗaci a takarda mai kyau. Krsto ma ya zuga. Yanzu shi ne ke bi gida gida yana ba da labari, har fada, limamin cocinmu, ya tare ni bayan addu'a yana tambaya ko na ci wasan.

Na yafe maka, dama ban riƙe ka ba. Na gode da ka ce rijiya tawa ce, na yi barci ranar kamar jaririya.

Amma batun mayar da ja, ba zai yiwu yadda kake so ba. A nan mutum yana iya sa launin wani a kan itacensa, wannan kyauta ce. Ba ya iya sa launinsa a kan na wani, wannan sata ce, ko da mai itacen ya aiko wasiƙa daga fadar Paparoma. Na sa shuɗi a gaban shaida, sun zama naka. Mai shuɗi ne kaɗai zai goge shi, da hannunsa, shaida yana tsaye. Ruwa dai ina ɗiba tunda ka ba da izini.

Za mu fara tsinka bayan ranar tunawa da matattu. Ka zo da tsofaffin kaya, fenti ba ya fita.

Taka,
Perina

*

Zagreb, ƙarshen Nuwamba

Teta Perina,

Na iso lafiya. Kafaɗuna har yanzu ba su yafe min ba, kuma akwai ja a ƙarƙashin farcena da ya ƙi fita. Yaya gwiwa bayan tsinka? Ki huta don Allah, ki bar wa injin matsa sauran aikin. Ki gai da Barba Krsto, ki ce masa na yarda jakinsa ya fi ni iya hawa.

Na gode da makon nan. Na gode da miyar wake da kifin da kika gasa, da ɗakin Kaka da kika share min, da yadda kika nuna ni ga kowa a bakin coci kina cewa ga ɗan wasan nan. Ban taɓa sanin man da aka matsa yau yana da yaji a maƙogwaro ba.

Ga labarin taswira. Wadda kika gani ta fita, mutane sun buga, ba su yaba ba. Shuɗi sai ya kewaye rijiya da katanga ya zauna, ja ya tara dukiya ya zauna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gaji. Da na dawo na roƙi Dubravka ta bar ni in sake. Na goge layin tsakiya gaba ɗaya. Yanzu itatuwan kowa suna warwatse cikin na abokin karawarsa, kamar yadda na gani da idona, in kana son manka sai ka ratsa ta ƙofar wani. Rijiya kuwa ba a iya gina komai kusa da ita. Masu gwaji sun ce ba su taɓa shan wuya haka ba, kuma sun ƙi tashi. Dubravka ta ce, "Wannan kam wani ya zauna a cikinta." Ba zan ce sun koyi zaman lafiya ba, jiya wani ya ƙone itacensa da kansa don kada maƙwabci ya sha inuwa.

Abu na ƙarshe. Kin tafi dafa abinci ranar da muka yi fenti, don haka ba ki ga ƙarshen aikin ba. Ban tsaya a kan waɗanda kika canza ba. Na bi har na Kaka na asali, gabas da yamma, duk na sa musu ja, Barba Krsto yana tsaye. Ke kika raine su, naki ne. Yanzu ba ni da ko ganye ɗaya a Dolac, ba kuma wanda zai sake tayar miki da hankali da sunan gidanmu.

Naki har kullum,
Borna

*

Draga, Disamba

Borna ɗana,

Ina gaishe ka, ina gai da uwarka, Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya. Gwiwa ta kumbura ta sauka. An matsa mai, ya yi kyau bana duk da ranin, naka yana jirgin Juma'a. Wanda ya ƙone itacensa kuwa ka bincika, ina jin jinin Krsto ne.

Na ga aikinka tun kafin wasiƙarka ta zo. Washegarin tafiyarka na shiga Dolac, na duba gabas na duba yamma, ja ko'ina. Na gode. Na san da zuciya ɗaya ka yi, kuma ba kowa ne zai ɗauki gadonsa ya miƙa wa tsohuwa ba tare da an roƙe shi ba. Jakov zai yi alfahari da kai. Ina so ka riƙe wannan kafin ka karanta sauran.

Na zauna a bakin rijiya na yi kuka, kuma ba na daɗi ba ne. Kana zaton don me nake sayen fenti shuɗi duk shekara, ina jan ƙafa daga gindi zuwa gindi? Ni ba 'ya'ya gare ni ba. Muddin akwai shuɗi a Dolac, ina da dalilin cewa wata rana wani zai sauko daga jirgi ya ce ina nawa. Shi nake tsoro, shi kuma nake jira. Ka zo, ka share min tsoron, ka haɗa da jiran ka tafi da shi Zagreb. Ka bar ni da gona cikakkiya da ba wanda zai tambaye ta bayana.

Na gaya wa Krsto. Ya ce, "Ke dai ba a iya miki. An karɓe kin yi kuka, an ba ki kin yi kuka." Na ce ya je ya ɗauko gwangwani, akwai sauran shuɗi a ƙasansa.

Ka tuna sababbin dashen da ka kawo, waɗanda muka sa tare a bayan katanga? Nawa ne, ka faɗa a gaban shaida, don haka ina da ikon yin kyauta da su. Na zaɓi wanda ya fi ƙanƙanta na sa masa shuɗi. Gindinsa bai kai yatsana kauri ba, ɗigo ɗaya ya zagaye shi. Krsto ya gani, ya kuma riga ya gaya wa duk gari, ka san shi.

Yanzu ni ba ni da ikon goge shi, sai kai. Zai daɗe kafin ya yi 'ya'ya, ba lallai in ɗanɗana mansa ba, kuma in bai sha ruwa a rani ba mutuwa zai yi. Rijiya tawa ce, kai ka shafa mata ja da hannunka. In mai itacen yana son ruwa, ya zo ya roƙa. Ni ba na karɓar roƙon ruwa ta wasiƙa.

Taka,
Perina